Silimar Palace da Ganuwar Kano

Yau za mu waiwayi wani gida da ya taɓa raba kan mutanen Kano, watau silimar Palace ta Jakara, kusa da kasuwar Kurmi.

Tun 1937 aka buɗe Rex, gidan silima na farko a Kano, amma a Sabon Gari, bayan ganuwa. Mutanen birni kuwa suna ɗaukar silima wurin shashanci ne, wanda ɗan mutunci ba ya zuwa. Sa'an nan ran 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka hallaka. Da yawa suka ce ai fushin Allah ne.

Cikin wannan hali aka buɗe Palace, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta zama ta farko a cikin ganuwa. Malamai suka yi tir, samari suka riƙa jifan masu shiga, har sai da hukuma ta sa baki. Duk da haka 'yan kallo ba su daina zuwa ba. A irin waɗannan gidaje ne Hausawa suka saba da fim ɗin Indiya, wanda tasirinsa ya bayyana a finafinan Hausa tun shekarun 1990.

Daga baya aka mai da Palace asibiti. Dattawan da suka ga wannan zamani suna ƙarewa. Lalle ya kamata masana tarihi su je su ji daga bakinsu tun da sauran lokaci.