Ba kowane zafin ƙirji ba ne olsa, indomin sha biyun dare ma ta isa

A kowace majalisar matasa akwai mai "olsa". Shi ne wanda zai dafe ƙirji ana tsakiyar hira, ya ce ciwon ya motsa, ya aiki yaro kemis ya sayo masa farin maganin nan mai kama da madara. Ya kurɓa, ya yi gyatsa, ya ce alhamdulillahi. Ƙarfe sha ɗaya da rabi, an tashi daga gidan kallon ƙwallo, sai ka same shi a teburin mai shayi: indomi biyu, ƙwai uku, attaruhu ya ji, ga haɗin kauri a kofi. Kafin sha biyu da rabi ya miƙe a katifa. Ni ma na shekara biyu a wannan layin, don haka ba gori nake yi wa kowa ba.

Ra'ayina shi ne, da yawa daga cikin masu cewa suna da olsa ƙwannafi ne ke cin su, kuma mun fi son sayen magani a kan mu taɓa tsarin cin abincinmu na dare.

Olsa gyambo ne a bangon ciki ko a farkon hanji. Yawanci ƙwayar cuta mai suna H. pylori ce ke jawo shi, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano aikin wannan ƙwayar, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta a asibiti, ana kashe ta da magani. Ƙwannafi kuwa wata matsala ce daban. A ƙarshen maƙoshi, daidai inda bututun abinci ya haɗu da ciki, akwai wata tsoka mai aiki kamar ƙofa: ta buɗe abinci ya wuce, ta rufe. In ta saki, ruwan asid ɗin da ke narkar da abinci sai ya hauro sama, shi kuwa maƙoshi ba a yi shi don jure asid ba. Nan ne za ka ji wuta a tsakiyar ƙirji, tsami a baki, wani lokacin tari da daddare ko dishewar murya da safe. In abin ya zama na yau da gobe, shi ne likitoci ke kira GERD.

Ruɗa biyun nan ba ƙaramar asara ba ce. Da zarar ka ce kana da olsa, kowa a gida zai zama likita: kada ka zauna da yunwa, ka ci ka ƙoshi kafin ka kwanta, ka sha madara. Ga mai ƙwannafi wannan shawarar ita ce ke ƙara rura wutar. Ciki a cike, jiki a kwance, ƙofa a sake, ina kake so asid ɗin ya nufa? Madarar ma tana sanyaya ƙirji na ɗan lokaci ne, daga baya abin ya dawo.

Abin da ya fi yi mini aiki bai ci ko sisi ba: barin awa uku tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya. Na biyu, ɗaga kan gado da bulo ko katako kamar santimita 15 zuwa 20. Tara filo ba ya yi, wuya kawai yake lanƙwasawa ya ƙara matse ciki. Mai kwana a katifar ƙasa sai ya cusa tsohon bargo a ƙarƙashinta ta wajen kai. Kwanciya ta ɓarin hagu ma tana rage haurowar asid. Mutum na iya fara kwanciya ta dama yadda aka koya mana, in ƙirji ya fara zafi ya juya.

Batun abinci shi ne inda ake tsorata mutane da dogon jerin haramci har su ce a bar su su mutu da ƙoshi. Gaskiya abubuwan da aka sani suna tayar da shi su ne maiƙo da soye-soye, yaji, kofi da shayi mai ƙarfi, lemon kwalba da na ƙara kuzari, cakulan, na'a-na'a, tumatir da lemon tsami. Amma ba duka ke taɓa kowa ba. Ni tsire ba ya yi mini komai da rana, lemon ƙara kuzari kuwa gwangwani ɗaya ya ishe ni kwana a zaune. Ka buɗe wayarka, sati biyu kana rubuta abin da ka ci da lokacin da zafin ya zo, za ka kama ɓarawonka da kanka. Sigari da shisha dai babu sassauci a kansu, nikotin yana sassauta ƙofar nan. Teɓa ma haka, tana danna ciki daga waje, sai kuma ka ɗaure ta da bel.

Na san abin da wani zai ce: malam, ni ɗan adaidaita ne, ko ɗalibi, sai goma nake shiga gida, cin daren shi ne cin kirki ɗaya da nake samu. Wannan magana ce ta gaskiya, ba kowa ke da zaɓin lokaci ba. Amma ko a haka ana iya juya tsarin, a ci mai nauyin da la'asar ko bayan magariba, in an koma gida a taɓa abu mara maiƙo kaɗan. Da azumi ma haka lissafin yake, wanda ya cika ciki da sahur ya koma barci daga sallar asuba ya san yadda hantsinsa ke kasancewa.

Magani yana da wurinsa, ban ce a zubar ba. Omeprazole yana aiki, sai dai ba a shan sa kamar farasitamol lokacin da zafi ya taso, ana shan sa ne kamar rabin awa kafin karin kumallo. Kuma wanda ya yi wata da watanni yana sayen sa a kemis babu wanda ya duba shi, ya kamata ya ga likita. Asid ɗin da ya shekara yana ƙona maƙoshi yana iya ƙuntata shi, ko ya sauya fatar cikinsa zuwa yanayin da ake kira Barrett, wanda ke ƙara haɗarin sankara. In abinci ya fara maƙalewa, ko ana rama babu dalili, ko aman jini, ko baƙin bahaya kamar kwalta, wannan ba na majalisa ba ne, na asibiti ne a ranar. Haka ciwon ƙirjin da ke zuwa da gumi da haki ko yake sauka hannu, yana iya zama zuciya.

Mai shayinmu ya tare ni kwanaki yana tambaya ko na sauya teburi ne. Na ce masa a'a, lokaci na sauya. Yanzu daga sallar isha'i nake zuwa, indomi ɗaya, attaruhu kaɗan, sannan na wuce kallon ƙwallo.