Ƙaramar girgizar ƙasa gargaɗi ce ga mai gini

Ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi har Tibiri, ba a san ta da girgizar ƙasa ba. Amma kowace shekara, bayan girbi, samarin gundumar Tibiri suna tafiya cin rani Akara da Abuja, garuruwan da ƙasa kan motsa. Saboda haka maganar ta shafi iyayensu da hukumominsu.

Birnin Akara, inda Hausawa suke zaune a Nima da Sabon Zango, yana kusa da tsagar dutse mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa. Idan dutsen ya gurgusa, sai abin da ke bisa ya kaɗu. Galibi motsin ƙarami ne, kamar wanda aka ji a watan Disamba na 2022: kwanoni su yi ƙara, bango ya tsage, nan da nan ya wuce. Haka mutanen Kwoi a jihar Kaduna suka ji a 2016, da na Mpape a Abuja a 2018. Amma ranar 22 ga Yuni 1939 girgiza mai ƙarfi ta kashe mutum 17 a Akara, kuma a watan Disamba na 1983 ɗaruruwa sun halaka a yankin Gawal na ƙasar Gini.

Har yau babu masanin da ke iya faɗin ranar da babba za ta zo. Wanda ya ce ya san ranar, jita-jita yake bazawa. Abin da aka tabbatar shi ne, rufi da bango su ne ke kashe mutane. A Maroko, a watan Satumba na 2023, kusan mutum 3000 suka rasu, akasari a ƙauyukan duwatsu masu gidajen laka da dutse.

Don haka ɗan cin rani ya duba ɗaki kafin ya biya haya. Idan bango ya tsage daga ƙasa har sama, ya nemi wani, ko da ya fi tsada. Idan ƙasa ta motsa, ya shige ƙarƙashin tebur ya kare kansa. Bayan ta lafa, ya fita fili, nesa da katanga da wayoyin lantarki.

Wasu za su ce komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma Allah bai hana bawa ɗaukar mataki ba. Bangon da aka ɗora bisa tushe mara zurfi, wanda girgiza ke kayarwa a Akara, irinsa ne ruwan damina ke rusawa a kwarin Dallol Mawri.

Ya kamata magadan gari da malaman yaƙi da jahilci su sa wannan darasi cikin karatun manya kafin lokacin tafiya, magina kuma su zurfafa tushe. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali yakan shafa wa nasa ruwa.