Laftop Ɗinka Goyo Take So, Ba Ɗauri a Bayan Babur Ba



Yau ra'ayi zan faɗa a kan wani abu da muke gani kullum a titi har ya daina ba mu mamaki. Mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗi ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, amma da safe sai ya ɗora ta a ƙarfen bayan babur, wato kariya, ya kawo roba ya ɗaure tamau kamar buhun masara, ya ba mashin wuta. Wani kuma jaka mai igiya ɗaya zai saƙala a kafaɗa ya haye acaba, tana ta lilo a gefe. Bayan 'yan watanni idan ta fara nauyi, ko sikirin ya yi zane, sai ka ji ana cewa mai shago ne ya yi cuta, ko kuma ai kayan Kwatano ba su da amana.

Sau da yawa ba mai shago ba ne, hanya ce. Matsayina shi ne: in dai zirga-zirgar cikin gari kake yi, laftop a bayanka ya kamata ta zauna, cikin jakar goyo mai soso, kuma a kashe. Kuɗin jakar nan yana cikin kuɗin kwamfutar, duk wanda bai saye ta ba bai gama sayen laftop ba. Ga dalilaina.

ME KE FARUWA A KARIYA?

Baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng, injinsu mai silinda ɗaya ne, kuma girgizarsa tana bin ƙarfen mashin gaba ɗaya. Ita kariya ɗaure take da jikin ƙarfen, kuma daidai saman tayar baya take. Duk ramin da aka faɗa, duk tudun rage gudu da aka haura, ita ce ke shan bugu mafi ƙarfi, musamman idan shokazoba ta gaji. Kai da ke zaune ba ka jin rabin abin, saboda soson kujera da ƙafafunka da ƙugunka suna shanyewa. Idan laftop tana bayanka, ita ma tana cin moriyar wannan. Idan tana kariya, ita da ƙarfe ne kai tsaye.

Kada a ɗauka girgiza wasa ce. A watan Satumban 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura tana iya lalata kyamarar iPhone idan aka maƙala wayar a jikin mashin, har ya ba masu ƙananan babura shawarar su sa abin rage girgiza. Waya ke nan, wadda aka ƙera don yawo a aljihu. To ina ga laftop mai murfi da hinji da fanka da ƙananan sukurori, da siririyar wayar da ta ratsa ta cikin hinji ta kai hoto zuwa sikirin?

Sannan ga robar ɗauri. Murfin laftop siriri ne, gilashin yana manne a bayansa. Idan roba ta danne tsakiyarsa, maɓallan kibod za su riƙa gogar gilashin daga ciki. Nan ake samun farin tabo, ko zane, ko a wayi gari sikirin ya tsage ba tare da ta taɓa faɗuwa ba.

DUBA MA'ADANARKA: HDD CE KO SSD?

Wannan shi ne abin da ya fi muhimmanci ka sani game da kwamfutarka. Tsofaffin laftop da yawa da ke kasuwanninmu suna zuwa ne da HDD. A cikinta akwai faifai da ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan aka yi bugu yayin da faifan ke juyawa, allurar tana iya karce shi, kuma duk abin da ke wurin ya tafi. Idan kwamfutar a kashe take, allurar tana komawa gefe ta kwanta, shi ya sa juriyarta ke ƙaruwa sosai.

Gaskiya ne kamfanoni sun yi dabara a kan haka. IBM ta sa wa ThinkPad na'urar jin motsi tun 2003, Apple ya biyo baya a 2005, HP kuma tana da 3D DriveGuard. Aikinsu shi ne su janye allura idan suka ji kwamfuta za ta faɗi. Faɗuwa daga tebur aka yi su dominta, ba tafiyar minti 30 a kan gargada ba.

Ita SSD ba abin da ke motsi a cikinta. Don ka san wadda kake da ita a Windows 10 ko 11, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka duba Disk, za ka ga an rubuta HDD ko SSD. Idan HDD ce kuma kullum kana kan babur, to kafin ka ƙara RAM ko ka sayi sifika, ka canza zuwa SSD. Za ka samu sauri, ka samu kwanciyar hankali.

RUFE MURFI BA KASHEWA BA NE

Da yawanmu murfi kawai muke rufewa mu tura a jaka. Wannan Sleep ne, kwamfutar ba ta mutu ba. Sababbin laftop na Windows da yawa suna da tsarin da ake kira Modern Standby, wanda ke barin ta tana ɗan aiki ko da murfi a rufe, kuma takan farka a cikin jaka. Jaka ba iska, fanka na juyawa a banza, ka isa ofis ka ciro ta da zafi kamar dutsen guga, caji ya ƙare. Zafi kuwa shi ne babban maƙiyin batir, shi ke rage masa kwana, wani lokaci har ya kumbura.

Don haka ka yi Shut down. Idan kana da aiki a buɗe ba ka so ka rufe, yi Hibernate, ita tana adana komai sannan ta yanke wuta gaba ɗaya. In ba ka ganinta a jerin, shiga Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do, ka danna Change settings that are currently unavailable, ka yi mata alama. Kuma ka jira fitila ta mutu, fanka ta yi shiru, kafin ka ja zif. Daƙiƙa 20 ba za su sa ka makara ba.

WACE IRIN JAKA?

Ba tsada ake nema ba, abu huɗu ne. Na farko, ka zura hannu cikin aljihun laftop ɗin: ya kamata ya ƙare kafin gindin jakar da kamar yatsa biyu, ta yadda idan ka dire jakar a ƙasa, kusurwar kwamfutar ba za ta daki siminti ba. Na biyu, ta zauna daidai. Laftop mai inci 14 a aljihun 15.6 rawa za ta riƙa yi, sai ka cike wurin da tawul. Na uku, igiya biyu masu faɗi, in da ta ƙirji ma ya fi, kuma ka naɗe jelar igiyoyin kada su shiga taya ko sarƙa. Na huɗu, aljihun caja daban. Kan cajar nan mai ƙafa uku, idan ya jingina da murfi aka taka burki, ya isa ya fasa sikirin. Haka kwalbar ruwa da kular abinci, kada su haɗa wuri da ita.

'Yan uwa mata masu riƙe ta a cinya a kan acaba, hannu ɗaya a jaka ɗaya a mashin, wannan kasada ce gare ku da ita. Ku goya ta a ƙarƙashin hijabi, hannuwa su samu 'yanci, ba kuma wanda ya san me aka ɗauko.

"TO IDAN NA FAƊI FA?"

Akwai masu cewa abu mai tauri a baya haɗari ne, domin idan mutum ya faɗi ta baya zai iya jin ciwo a gadon bayansa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, ban raina ta ba. Shi ya sa na ce jaka mai soso mai kauri ta ɓangaren baya, laftop ta kwanta shimfiɗe, kada caja ko wani abu mai tsini ya kasance kusa da ƙashin baya. Kuma shi ya sa na ce cikin gari. Wanda zai ɗauki babbar hanya da mashin ɗinsa yana gudu, gara ya sa akwatin baya mai makulli, ya shimfiɗa soso mai kauri a ƙasa da gefe, ya saka laftop da jakarta a ciki yadda ba za ta motsa ba. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ɗauri da roba a kan ƙarfe tsirara.

Tunda maganar faɗuwa ta zo: in kuɗinka na abu ɗaya ne tsakanin jaka da hular kwano, sayi hular. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sanya ta, amma dubi titi ka ƙirga masu ita. Sikirin ana canzawa a kasuwa, kai ba a sayar da shi.

RUWA DA RANA

Da damina ka ajiye babbar leda mai kauri a jakar koyaushe. Da ka ga hadari ya haɗo, saka laftop a leda, sannan a jaka. Idan ruwa ya riga ya shiga, kada ka kunna "don ka gwada", kunnawar ce ke ƙona ta. Kada ka jona caji, kada ka binne ta a shinkafa, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya busar.

Da bazara kuma, Apple ya rubuta cewa kada wurin ajiyar MacBook ya wuce digiri 45. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, iskar gari kanta takan haura 40, ina ga cikin baƙin akwati da aka bari a rana? Masu roba-roba, wurin ajiyar ƙarƙashin kujera ma yana ɗaukar zafi. Da ka faka, ɗauke kayarka ka shiga da ita.

ABIN DA YA FI KWAMFUTAR TSADA

Jaka mai tambarin HP ko Dell ɓaro-ɓaro talla ce ga masu ƙwace. Kuma jaka mai igiya ɗaya, idan aka fizge ta kuna cikin tafiya, har da kai za a fizgo. Idan Allah Ya kawo tsautsayi aka tare ka da makami, saki kawai. Amma ba za ka iya saki cikin sauƙi ba idan furojet ɗinka na shekarar ƙarshe, ko lissafin shagon ubangidanka, a cikinta kaɗai yake. Google Drive na ba da 15GB kyauta, OneDrive na ba da 5GB, sun ishi takardu. Idan a filash kake kwafa, bar shi a gida, kada su yi tafiya a jaka ɗaya. Sa kalmar sirri, kunna BitLocker in kwamfutarka na da shi, sannan ka ɗauki hoton lambar siriyal da ke ƙasanta ka ajiye tare da rasit.

Rigakafi ya fi magani, 'yan uwa. Gobe da safe kafin ka hau, kashe ta, ware caja, goya ta da igiya biyu, ka ce wa ɗan acaba ya bi a hankali a wurin rami. In kana da ɗalibi ko ɗan koyon aiki a gida da ke fita da laftop a kan mashin, tura masa wannan.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya kare mu daga asara.