Jikin Mace a Gaban Kotun Jama'a

Ana saura wata biyu bikin yayata, gwaggonmu ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Ke 'yar nan, haka za mu kai ki ɗakin miji kamar sillen kara? Ai sai dangin ango su ce da yunwa muka rene ki." Washegari aka aiko da ƙwayoyin nan da mata ke kira sha-ka-fashe. Yaya ta sha, kumatunta suka cika, 'yan biki suka yi ta yaba yadda amarya ta murje. Bayan wata huɗu likita ya shaida mana cewa dezametason ta sha, maganin da ake bai wa masu asma, kuma abin da muka rangaɗa wa guɗa kumburi ne kawai. Sukarin jininta ya hau, har yau tana fama.

Saboda haka nake jin zafi duk lokacin da wani mai ilimi ya miƙe a zauren muhawara ya ce ƙin jinin surar jiki ciwon Turawa ne, mu al'adarmu ta yi mana katanga. Na sha jin wannan magana a jami'a, kuma ban yarda da ita ba. Laifi tudu ne, mun take namu muna hangen na wasu.

Gaskiya ne abin da ake ƙi a jiki ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa son rama ya yi tsanani har sai da aka fara aiki da wata doka a 2017, wadda ta wajabta wa masu tallar tufafi nuna takardar likita kafin su yi aiki. A Muritaniya kuwa akwai al'adar leblouh, inda ake ɗura wa yarinya nonon raƙumi da abincin gero har ta yi teɓa, domin a can ƙiba shaidar gata ce. A unguwar Gangnam ta birnin Seoul, asibitocin gyaran fuska sun yi layi, 'yan mata na biyan kuɗi a yi musu ninki a fatar ido. Yarinyar da za a yi wa dariya a Nuwakshot ita za a ɗauka hoto a Paris. Amma a dukkan biranen nan hukuncin iri ɗaya ne: yadda kike bai isa ba, sai kin gyara.

Masu wancan ra'ayi suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. A tsibirin Fiji an daɗe ana girmama cikar jiki. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995, a lokacin da likita Anne Becker ta jami'ar Harvard ba ta sami ko ɗaliba ɗaya mai jawo wa kanta amai don ta rame ba. Da ta koma a 1998, kusan kashi 11 cikin ɗari na waɗanda ta tambaya sun ce suna yi. Lalle hoton baƙi yana iya sauya idon al'umma cikin shekara uku.

Sai dai ba talabijin ne ya aiko wa yayata ƙwaya ba, gwaggonta ce, mai ƙaunarta. Ba Bature ne ya koya mana kirarin "farar mace alkyabbar mata" ba, kirarin da ya tura dubban 'yan mata ga man bilicin mai ɗauke da sinadarin makuri da ke lalata ƙoda. Abin da zamani ya yi shi ne ya ɗora sabon kaya bisa tsoho. Budurwar yau ana so ta zama fara don kirarin kakanni, mai ƙugu don matan unguwa, mai shafaffen ciki don Instagram. Jiki ɗaya ne, alƙalai uku, kuma kowane hukunci akwai mai shago da ke jiran cinikinsa.

Ba na kiran mu musanya ma'auninmu da na Paris, domin kurkuku ne shi ma. Ina kiran mu daina fakewa da kalmar al'ada alhali 'ya'yanmu na haɗiyar guba. Hukuma ta hana sayar da irin waɗannan ƙwayoyi ba da takardar likita ba. Mu kuma a gida mu kama bakinmu, tunda a tsakar gida ake fara yanke hukuncin.

Yanzu an sa ranar ƙanwata, ita ma siririya ce. Na riga na je gidan gwaggo, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye mata takardun asibitin Yaya a kan tabarma.