Sanarwar Bayan Taro Kan Ɗakunan Karatu da Littattafan Harshen Gida

Ƙungiyarmu ta malaman Hausa, marubuta da ma'aikatan ɗakunan karatu ta yi zama na wuni guda a Kano, inda aka tattauna halin da ɗakunan karatu na gwamnati da na makarantu suke ciki. Bayan doguwar muhawara, ga matsayar da aka cimma.

Taron ya yi watsi da maganar nan da ake yawan yi cewa mutanenmu ba sa son karatu. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma har gobe ana neman su. Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, mutum ɗaya kan karanta, jama'a su kewaye shi suna saurare. Daga shekarun 1980 kuma marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka shigar da littafi har cikin ɗakunan matan aure. Duk wanda ya san shagon hayar littattafai ya ga yadda littafi ɗaya ke shan hannu har bangonsa ya fita, a ɗinke shi da zare, a ci gaba da karɓa. Masu karatu suna nan. Abin karantawar ne ba a ajiye musu ba.

Abin da ya fi damun mahalarta shi ne, a ɗakunan karatu da dama kantoci cike suke da tsofaffin littattafan Turanci da aka samu kyauta daga waje, na Hausa kuwa 'yan ƙalilan ne, wani lokaci ma a kulle cikin kabad don kada su ɓace. Yaro ɗan aji biyu da ya shigo ba zai sami labarin da zai gane ba, sai ya fita, ba zai sake dawowa ba sai jarrabawa ta matso. Malamai sun shaida wa taron cewa yaron da ya fara haɗa baƙi da harshen da yake ji a gida ya fi saurin kama Turanci da Larabci daga baya.

Saboda haka taron yana kira ga hukumomin ɗakunan karatu na jihohi da su ware kaso tsayayye a kuɗin sayen littattafai domin na Hausa, Fulatanci, Barbarci, Nufanci da sauran harsunan yankinsu, a jera su a ƙasa inda hannun yaro zai kai. A riƙa yin zaman tatsuniya da karatu a bayyane duk Asabar. A kuma kai akwatunan littattafai makarantun Islamiyya da azuzuwan yaƙi da jahilci, domin mata da yawa ba za su iya zuwa ɗakin karatu ba.

Taron ya ja hankalin marubuta su ma. Dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya miƙa kwafi 3 ga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Da yawa daga masu buga wa kansu ba sa yi, shi ya sa littattafan da suka yi tashe jiya yau ko marubucin ba shi da kwafi. Haka nan iyalan da suka gaji rubuce-rubucen ajami su tuntuɓi wurare irin su Arewa House da ke Kaduna a ɗauki hotonsu, tun kafin gara da damina su cinye.

An ɗora wa kowane reshe na ƙungiyar ya ɗauki ɗakin karatu guda a yankinsa, ya lissafa littattafan harshen gida da ke ciki, ya kawo rahoto kafin Ranar Harshen Uwa ta Duniya, 21 ga Fabrairu.

Sa hannu:
Shugaba da Sakatare, a madadin mahalarta taron