Na'urar nuna hanya mai araha: a duba taswira kafin a duba farashi

Duk wanda ya saba leƙa filayen sayar da motoci da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome, ko rumfunan kayan waya na Dekon, ya san wannan ɗan allo mai kamar tafin hannu da ake mannawa a gilashin mota, wanda ake kira GPS. Wasu a cikin motocin gwanjo na Turai suke zuwa, an manta da su a aljihun gaba, wasu kuma sababbi ne fil a kwali, ƙirar Sin, ba suna ba lamba. Direbobinmu na Totsi da Agoe-Zongo, musamman samarin da ke kai motoci Yamai da Maraɗi da Wagadugu, suna yawan tambayarmu a gidan rediyo ko wannan abu ya cancanci kuɗinsa. Amsarmu ita ce ya cancanta, amma da sharaɗi guda: wanda zai saya ya san cewa taswira yake saye. Akwatin da ke ɗauke da ita ba shi ne abin dubawa na farko ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, domin a nan ne ake yi wa mutane wayo. Taurarin ɗan'adam na GPS mallakar gwamnatin Amurka ne, aƙalla 24 suke shawagi a nisan wajen kilomita 20,200 daga ƙasa. Na'urar tana sauraren saƙonsu ne kawai, idan ta kama guda huɗu sai ta lissafa inda take. Ba ta bukatar layin waya, ba ta cin kati, kuma babu wanda ake biya kuɗin wata. Tun daga watan Mayu na shekarar 2000, lokacin da Shugaba Clinton ya ba da umarnin a daina gurɓata saƙon da farar hula ke samu, kuskuren ya sauko daga kimanin mita 100 zuwa 'yan mitoci kaɗan. Yau kuma ga taurarin Rasha da na Turai da na Sin duk sun ƙaru. Abin da wannan ke nufi shi ne, ta fuskar sanin inda mutum yake tsaye, mai araha da mai tsada kusan duk ɗaya ne. Saboda haka duk ɗan kasuwar da ya ce maka tasa ta fi tsada domin tana da tauraro na musamman, gaishe shi ka wuce.

Inda aka bambanta shi ne taswirar da ke ciki. Garmin ko TomTom da aka ciro daga motar da ta fito daga Beljiyam ko Faransa, taswirar Turai ce a cikinta. Ta san kowane lungu na birnin Paris, amma idan ka kunna ta a Totsi sai ka ga ɗan kibiya yana yawo a farin fili, ko kuma layi ɗaya tak da ya miƙe daga teku zuwa arewa. Ko an rubuta a kwalin cewa sabunta taswira kyauta ne har abada, taswirar yankin da aka sayar da ita ake nufi, ba tamu ba. Su kuma na kwali marasa suna, akasarinsu taswirar da aka kwafo ba bisa ƙa'ida ba ake ɗora musu, ba wanda zai gaya maka shekarar da aka zana ta, kuma ba inda za ka je a sabunta maka. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a nan ma ba ta kai mutum gida.

Don haka kada a biya ko dala a cikin rumfa. Kusan duk waɗannan na'urori suna da wani tsari na gwaji, inda za ka ga mota tana tafiya a allo, murya tana cewa bi dama bi hagu, alhali ba ta kama tauraro ko ɗaya ba. A fito da ita waje inda sama take a buɗe, a ba ta 'yan mintoci, domin wadda ta daɗe a kashe takan jinkirta. Idan ta kama, a duba kwanan watan da ta nuna. A ranar 6 ga Afrilu, 2019 ma'aunin makonni na tsarin GPS ya cika ya koma sifili, kuma wasu tsofaffin na'urori da ba a sabunta musu manhaja ba sun rikice tun daga lokacin. Daga nan sai a nemi wuraren da aka sani: tashar motar Agbalepedo, kasuwar Hedzranawoe, Adidogome, Terminal du Sahel. A duba ko babbar hanyar kewaye da ta taso daga tashar jiragen ruwa ta ɓulla Agoe tana ciki. Idan babu ita, taswirar ta tsufa, a ajiye musu kayansu. Haka nan a gwada rubuta sunan gari ta hanya fiye da ɗaya, domin abin da muke kira Sinkase, wata taswirar Cinkassé ta rubuta, wata Cinkansé.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma su ke kashe na'ura. A tabbatar tana da ramin katin ajiya, domin ta nan ake ɗora wa irin su Garmin taswirar OpenStreetMap, wadda kyauta ce kuma ta fi sanin unguwanninmu nesa ba kusa ba. Direban babbar mota ya tuna lantarkin motarsa bolt 24 ne, ƙaramar mota kuma 12, ya duba abin da aka rubuta a jikin cajar kafin ya soka. Kuma kada a bar ta manne a gilashi a ranar Maris, batirin zai kumbura, ga shi kuma tana kiran ɓarawo.

Wani zai ce, ina amfanin duk wannan wahala alhali wayar da ke aljihu tana yin aikin? Gaskiya ne, kuma ba za mu ɓoye ba. Tun da Gozem ta fara aiki a Lome a 2018, 'yan zemijan da yawa sun koyi bin taswira a waya. Ga mai yawo cikin gari, tsohuwar wayar Android ko babu layi a cikinta, idan aka sauke mata taswirar Togo ta OsmAnd ko Google Maps a inda akwai intanet, ta wadatar, kuɗin na'urar a sayi mai da shi. Wanda muke ganin ya kamata ya sayi na'ura daban shi ne mai doguwar tafiya, wanda zai yi fiye da kilomita 600 daga Lome zuwa iyakar Burkina, sannan ya ɗora. Shi wayarsa ta kiran mai kaya ce da iyali da mai fito a duwan, bai kamata cajinta ya ƙare a kan nuna hanya ba, bai kuma kamata kira ya rufe masa allo daidai lokacin da ya iso mararraba ba.

To amma babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne yadda ake amfani da ita bayan an saya. Na'urar ta san hanya kamar yadda aka zana, ba ta san halin da hanyar ke ciki yau ba. Manyanmu suna tune da damina ta 2008, lokacin da ruwa ya cinye gadar Amakpape da ke tsakanin Tsevie da Notse, babbar hanya ta ɗaya ta yanke, manyan motoci suka koma zagayawa ta Kpalime. Da akwai allo a gaban direba a wannan dare, da cewa zai yi miƙe kawai. Nan kusa da mu ma, wa bai san abin da kogin Zio ke yi wa Togblekope idan ruwa ya yi yawa ba? Ko layukan Totsi da ba su da kwalta, waɗanda a taswira tituna ne sumul, amma a watan Yuni sai mai babur ya ɗage ƙafa? Wannan ya sa muke cewa a shiga saitin na'urar a zaɓi hanya mafi sauri maimakon mafi gajarta, a kuma ce ta guji hanyar da ba kwalta. Mai babbar mota kuwa, idan na'urarsa ba ta da wurin shigar da tsawo da nauyin mota, ya sani lissafin ƙaramar mota take yi masa. Tsohuwar taswira ba ta san an yi wa dutsen Aledjo da gangaren Defale hanyar kewaye ba, za ta iya tura tirela mai kaya cikin tsagin dutsen da tsofaffin direbobi ke ambata da a'uzubillahi.

Idan aka haura arewa, maganar ta wuce ta taya da birki. Tun watan Yunin 2022 gwamnati ta sa yankin Savanes a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren 'yan bindiga. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, kayan Yamai suka koma bi ta Lome da Burkina, ta Kaya da Dori da Tera, a ayari tare da rakiyar sojoji. Babu na'urar kwali da ta san wannan. Ka rubuta mata Yamai, za ta auna kilomita ta ba ka hanyar da ta fi mata sauƙin lissafi, ko da ta ratsa dajin da babu mai shigarsa sai da sojoji. Yaron da ya karɓi motar mutane a Lome, ya ƙi tsayawa a Terminal du Sahel ko Sinkase ya ji labari daga waɗanda suka sauko jiya, don kawai yana da allo a gabansa, ya sa ransa da dukiyar wani a caca.

Mu 'yan zango bai kamata a koya mana wannan ba. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano zuwa Gwanja neman goro, suna yada zango a Sansanin Mango, ba su taɓa tafiya babu madugu da jagaba ba, kuma a kowane zango sai sun zauna da mai masauki sun ji wace hanya ce ke da lafiya. Aikin jagaba na'urar ta karɓa, shi ma rabinsa. Labarin hanya har yanzu a bakin mutane yake, a tasha, a masallaci, a wurin mai shayi. Abin takaici shi ne yadda wasu samari suka fara ganin tambaya kamar ƙauyanci ce.

Akwai kuma ɗabi'ar latse-latse ana tafe. Alhaji, a shigar da inda za a je tun mota tana tsaye, a manna allon a gefen da ba zai tare gani ba, a ƙara murya yadda kunne zai wadatar. Muryar da Faransanci ko Turanci take magana, don haka wanda bai ji sosai ba ya zauna da yaron mota su koyi kalmomin nan 'yan kaɗan na dama da hagu da shataletale kafin a tashi. A titi irin na Lome, inda babura ke fitowa ta kowane ɓangare, daƙiƙa biyu na kallon allo sun isa a kwashe wani.

Muna da kira ga ƙungiyoyin direbobi da kuma matasanmu masu ilimin kwamfuta. Ita taswirar OpenStreetMap, tun da aka kafa ta a 2004, mutanen gari ne ke zana ta da hannunsu, kuma akwai masu wannan aikin sa-kai a nan Togo. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari a 1977, jama'armu suka bazu a Agoe da sauran unguwannin arewa, kuma har yau kwatancenmu bai wuce bayan masallaci, kusa da mai gurasa, ƙofa mai shuɗin fenti ba. Idan yara biyar suka ba da Asabar huɗu suka shigar da masallatai da makarantun allo da garejoji da asibitocin unguwa, suka kuma nuna layin da ke da kwalta da wanda ruwa ke kwanciya, baƙon da ya sauka daga Maraɗi da tsakar dare zai iske ƙofar mai masaukinsa ba tare da ya tashi rabin unguwa daga barci ba. Ƙungiyar direbobi kuwa, kwamfuta ɗaya a ofis ta isa a riƙa sabunta wa 'ya'yanta katin taswira sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.