Tankar mai a hanyar Maiduguri: Inda doka ba ta kai ba

Daga ranar 1 ga Maris, 2025 hukumar NMDPRA ta haramta wa tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi a defo-defon ƙasar nan. Matakin ya biyo bayan gobarar Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta laƙume rayuka sama da 150, da ta mararrabar Dikko a Jihar Neja cikin Janairun 2025, inda fiye da mutum 80 suka rasu. Rage lodi abu ne mai kyau, sai dai matsalar Maiduguri ta wuce ta girman tanka.

Maiduguri ce ƙarshen zango. Bututun da aka shimfiɗa daga Kaduna ta Jos da Gombe zuwa defon birnin ya shafe shekaru ba ya kawo mai, don haka fetur da dizal sai dai ta mota. Hatta tashar lantarki mai megawat 50 da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Maris 2023, a manyan motoci ake kai mata iskar gas, domin babu bututun gas da ya isa Borno. Mafi yawan wannan kaya kuwa ta hanyar Damaturu yake bi.

A nan ne tsaro da kiyaye haɗurra ke cin karo. Idan aka rufe ƙofar shiga gari da yamma, manyan motoci da na fasinja sukan kwana wuri guda. Ranar 9 ga Fabrairun 2020 mahara suka auka wa matafiyan da suka yada zango a Auno, suka kashe kimanin mutum 30, suka ƙona motoci. Laifin na maharan ne, amma darasin na hukuma ne: tanka cike da fetur ba ta kwana a tsakiyar jama'a.

Ba rashin doka ke damunmu ba. A 2018 Najeriya ta shiga yarjejeniyar ADR ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta tanadi horar da direbobin kaya masu haɗari, da sanya alama a jikin mota, da kula da inda ake ajiye ta. Matsalar ita ce aikin a rarrabe yake: NMDPRA na defo, Hukumar Kiyaye Haɗurra na kan titi, sojoji na shinge. Ita kuwa Dokar Masana'antu ta 1987, wadda jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ke aiki da ita, domin harabar masana'anta aka tsara ta. Direba da yaron mota, waɗanda titi ne wurin aikinsu, ba su da takamaiman mai duba su.

Abu uku ke hannun Abuja. A keɓe wa tankoki wurin kwana mai gadi da motar kashe gobara, nesa da gidaje da fasinjoji. A daidaita lokacin tasowarsu daga Damaturu da lokacin rufe hanya. Sannan kada a yi wa kamfani lodi sai ya nuna shaidar biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa ga asusun NSITF, kamar yadda Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanada. Babu ɗaya daga ciki da ke jiran sabuwar doka. Hukumomin ne ba su zauna a teburi ɗaya ba.